Gani Ya Kori Ji: Sharhi a kan Fasahar Fadar Rai Buba da Yadda Ake Nuna ta ga Baƙi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce gani ya kori ji, wato shaidar ido ta fi ƙarfin labarin da aka ji a bakin wani. A garin Rai Buba da ke arewacin Kamaru wannan karin magana ya sami wata ma'ana ta daban. Baƙon da ya je garin don yawon buɗe ido yakan komo da hotunan doguwar katanga da dawaki cikin ado da dogarai a ƙofar fada, amma da wuya ya komo da kalma guda daga cikin abin da maroƙi ya faɗa ko abin da mai busa ya busa. A nan gani ya kori ji da gaske, kuma hasara ce.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan fasahar wannan ƙaramin gari mai tarihi, ta fuskar gini da hawa da kiɗa da zance, da kuma yadda ake gabatar da su ga baƙi. Abin da takardar ta tsaya a kai shi ne, mafi yawan darajar fasahar Rai Buba a cikin harshe take, don haka duk sharhin da ya tsaya a kan abin da ido ya gani rabin aiki ne. Batun ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, domin Hausa tana cikin harsunan da ake ji a fadojin wannan yanki, duk da cewa ba ƙasar Hausa ba ce.

2.0 Rai Buba da Ƙasarta

Rai Buba tana kudu maso gabas da Garwa, a cikin Jihar Arewa ta Kamaru, a sashen mulki na Mayo Rai wanda hedikwatarsa take Colire. Sashen ya ƙunshi gundumomi huɗu: Colire da Rai Buba da Madingirin da Tuboro. Ta gabas ya yi iyaka da Cadi, ta kudu maso gabas kuma da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ta fuskar sarautar gargajiya ikon Lamiɗon Rai ya mamaye wannan fili duka, wanda hakan ya sa ake lissafa masarautar cikin mafi girma da ƙarfi a Kamaru. Talakawansa suna kiran sa Baaba.

Wanda ya kafa garin shi ne Arɗo Buba Njidda, Bafulatani daga zuriyar Yillaga, kuma shekarar da aka fi ambata ita ce 1804, wato shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu, Rai ta shiga cikin ƙasar Fombina, wadda Yola ta zama cibiyarta daga 1841. Sai dai dangantakar Buba Njidda da Modibbo Adama ta kasance mai tsami, kuma Rai ta daɗe tana tafiyar da al'amuranta ba tare da jiran umarnin Yola ba. Jamusawa sun ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, Faransawa suka gaje su a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma duk da haka fadar ta riƙe iko mai yawa a hannunta har bayan samun 'yancin Kamaru a 1960.

Wajibi ne ɗalibi ya riƙe abu guda tun daga nan. Fulani ne suka kafa sarautar, amma sun tarar da mutane a ƙasar: Dama da Mono da Dii, waɗanda ake kira Duru, da Lame da Mbum da Laka. Daga baya fatake da malamai da masu sana'a Hausawa da Barebari suka biyo hanyoyin ciniki suka zauna. Fasahar fada ta tashi ne daga haɗuwar waɗannan jama'o'i, wasu bisa yarda, wasu bisa tilas.

3.0 Abin da Ido ke Gani

3.1 Katanga

A shekarar 2006 gwamnatin Kamaru ta sanya fadar Rai Buba cikin jerin wuraren da take neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Bayanin da aka gabatar ya nuna cewa an gina fadar tsakanin 1805 da 1808, faɗinta ya kai kimanin hekta 5, kuma katangar ƙasa mai tsawon kusan mita 800 da tsayin mita 7 ce ta kewaye ta. A ciki akwai zauruka da farfajiyoyi da sassan iyali da na bayi da na baƙi.

Ta fuskar fasaha, kyan katangar yana cikin rashin ƙyale-ƙyale. Wanda ya saba da zanen dagi da zankwaye na gidajen Kano da Zariya, ko bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zai ga katangar Rai kamar ba a yi mata komai ba. Amma aikinta daban ne. Adon gidan Bahaushe yana kiran mai wucewa ya tsaya ya duba arzikin mai gida. Katangar Rai kuwa tana sanar da mai wucewa cewa akwai abin da ba zai gani ba. Ta dace da sarkin da yake rufe fuska da amawali, wanda ba ya yawan fitowa bainar jama'a, kuma ba a isa gare shi sai an ratsa zaure bayan zaure. Ginin da tsarin mulkin magana ɗaya suke yi, kuma wannan nasara ce ta magina.

Inda bayanan yawon buɗe ido suka gaza shi ne yadda suke ɗaukar katangar tamkar dutse, abin da aka gina sau ɗaya ya zauna. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an kuma sabunta jinkar ɗakuna. Katangar da ta haura shekara 200 tana tsaye shaida ce ta hannuwa dubbai da suka yi ta gyaranta. A Jenne ta ƙasar Mali yaɓen babban masallaci ya zama bikin shekara-shekara wanda duniya ta sani, har ana ambaton ƙungiyar maginan garin. A Rai Buba ana ambaton sarkin da ya sa aka yi ginin, a manta da waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka. Sharhin da ya auna tsayin katanga bai tambayi su wa suke yaɓe ta ba, da wace waƙar aiki suke yi, da kuma wane harshe, ya bar babban gurbi.

3.2 Hawa

Abu na biyu da ke jawo baƙi shi ne hawa, wanda masu magana da Faransanci suke kira fantaziya. A ranakun Salla da lokacin tarbar manyan baƙi mahaya sukan fito da lifidi da sulke da kwalkwali, 'yan baka da masu māsu suna biye a ƙasa, a yi sukuwa a zo gaban Lamiɗo a yi jinjina. Duk wanda ya taɓa ganin hawan Salla a Katsina ko Kano ko Damagaram zai gane kayan nan da ya gan su. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali da zamanin Sarki Kananeji, ya kuma danganta kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ke nan kayan da ake gani a Rai na cikin wata tsohuwar al'adar sarauta da ta haɗa Borno da ƙasar Hausa da Bagarmi da Fombina.

Hawa wasan kwaikwayo ne mai tsari, kuma ana iya nazarinsa kamar yadda ake nazarin rubutaccen wasa. Yana da 'yan wasa da sutura da dandali da jerin fitowa. Jigonsa mubaya'a ne: kowane hakimi yana nuna ƙarfin da ya tara, sannan ya miƙa shi ga sarki a gaban jama'a. Wanda ya fara fitowa da wanda ya zo ƙarshe, wanda ya matso kusa da wanda ya tsaya nesa, duk suna da ma'ana ga ɗan gari. Dattijon da ke kallo yana karanta wanda ya sami shiga a bana da wanda aka ja baya da shi. Baƙo kuwa launi da ƙura kawai yake gani, saboda ba a ba shi mabuɗin karatun ba. Mabuɗin yana bakin sanƙira da maroƙa, masu kiran sunan kowane mahayi da na iyayensa da kirarin sarautarsa.

4.0 Abin da Kunne ya Kamata ya Ji

4.1 Sunayen Sarautu

Harshen fada da na kasuwa a wannan yanki shi ne Fulfulde, harshen hukuma da makaranta kuma Faransanci. Amma wanda ya kasa kunne ga sunayen sarautu a fadojin arewacin Kamaru, daga Marwa zuwa Garwa da Ngaundare, zai ji harsuna uku a jere. Laamiiɗo da arɗo da jawro na Fulfulde ne. Galdiima da kaygamma da yerima daga Barebari suka fito, kamar yadda Hausa ma ta aro Galadima da Kaigama da Yarima daga can. Sannan ga na Hausa: sarki faada da sarki yaaki da sarki saanu da sarki paawa, wato Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu da Sarkin Fawa. Ita kanta kalmar dogari, wadda ta zama tambarin Rai Buba a jaridun Kamaru, kowane Bahaushe ya san ta.

Waɗannan kalmomi darasi ne a fannin aron kalmomi. Da farko, an yar da harafin mallaka na -n, Sarkin Fada ya koma sarki faada, domin Fulfulde tana jera suna biyu ne kawai ta nuna mallaka. Na biyu, sautin sh ya koma s, shanu ta zama saanu. Na uku, ƙ ta koma k, domin Fulfulde tana da ɓ da ɗ da 'y amma ba ta da ƙ. Na huɗu, f ta Hausa wadda ake furtawa da leɓɓa biyu ta fito a matsayin p a cikin paawa. Haka kuma ma'anar sarki ta tsuke. A Hausa sarki yana iya zama mai ƙasa baki ɗaya, amma a waɗannan fadoji mai ƙasa shi ne laamiiɗo, sarki kuwa shugaban wata sana'a ne ko wani aiki a ƙarƙashinsa. Aron bai tafi ta hanya ɗaya ba: Hausa ta karɓi Lamiɗo da arɗo daga Fulfulde, haka nan kalmar bambaɗawa ta fito ne daga bambaaɗo, wato maroƙi.

4.2 Kiɗa da Karin Sauti

Tarbiyyar Fulani da ake kira pulaaku ta ɗora kunya da kamun kai a sama da komai, don haka Bafulatani mai asali ba ya son a gan shi yana roƙo da ganga a rataye. Wannan ya sa kiɗan sana'a a fadojin Fulani ya daɗe a hannun wasu rukunoni na daban, kuma kayan da ake amfani da su, wato kakaki da algaita da ganguna, irin na fadojin Hausa da Borno ne. Veit Erlmann, wanda ya yi bincike a kan maroƙa da makaɗan sana'a na yankin Marwa ya fitar da littafinsa a 1980, yana cikin waɗanda suka bayyana matsayin waɗannan makaɗa a tsakanin Fulanin Kamaru.

A nan akwai wani batu na ilimin harshe wanda masu sharhin yawon buɗe ido ba su kula da shi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar wuya idan aka fara ta da karin sama aka sauka tana nufin gaɓar jiki, idan aka fara da karin ƙasa aka hau tana nufin wahala. Haka baba na uba da baba ta inna da baba na rini, karin sauti da tsawon wasali ne suke raba su. Saboda haka ne kalangu da kotso da kakaki suke iya magana da Hausa: suna bin hawa da saukar murya da tsawon gaɓoɓi, mai sauraro ya gane taken da ake yi. Fulfulde kuwa ba ta da karin sauti mai bambanta ma'ana, alhali harsunan Mbum da Dii suna da shi. Ke nan idan aka busa take a fadar da harshenta Fulfulde ne, tambayar farko da mai nazari zai yi ita ce, da wane harshe kayan busar suke magana, kuma su wa a cikin taron suke fahimta. Amsar wannan tambaya tana bakin masu busar, kuma ta fi kowane hoto bayyana tarihin cuɗanyar jama'ar Rai.

4.3 Zuga da Abin da ke Ƙarƙashinta

Sa'idu Muhammad Gusau, a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya shimfiɗa hanyar da ɗalibai suka saba bi: a san salsalar waƙa, a gano turkenta, a warware shi, sannan a duba tsari da salo. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan waƙar fada, babban turke yabo ne da zuga, amma tubalan ginin sun haɗa da tarihi da habaici da zambo, wani lokaci har da gargaɗi. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo sun nuna cewa makaɗin fada yakan yabi ubangidansa ta hanyar rage darajar 'yan uwansa masu neman sarauta, yakan kuma tuna wa sarki halin kakanninsa don ya ja masa kunne cikin ladabi. M. G. Smith ya yi bayani tun 1957 cewa roƙo hanya ce ta tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma.

Wannan ya nuna girman abin da baƙo yake rasawa. A fadar da sarki ba ya yawan magana a fili, bakin maroƙi ne jaridar gari. Abin da ake fassara wa baƙo cikin jumla guda, a ce suna yabon sarki ne, yana iya ƙunsar jerin sarakuna da sunayen garuruwan da aka ci da yaƙi da habaici ga wani ɗan sarki da ke zaune a wurin. Tafintan da ya taƙaita wannan duka da kalmar yabo ya yi wa fasahar illa, ko da bai yi niyya ba.

5.0 Rubuce-rubuce Biyu a kan Rai

Ana iya auna bambancin gani da ji ta hanyar kwatanta ayyuka biyu. Na farko shi ne na marubucin Faransa André Gide, wanda ya ratsa Rai Buba a 1926 a kan hanyarsa ta dawowa daga Cadi, ya kuma ba da labarin tafiyar a littafinsa Le Retour du Tchad na 1928. Gide gwanin siffantawa ne, kuma a tafiyar nan ya yi ƙarfin halin tona asirin zaluncin kamfanonin Turawa a yankin Kwango. Amma a Rai baƙon sarki ne, ba ya jin Fulfulde ko Hausa, duk abin da ya ji ta bakin tafinta ya ji shi. Abin da ya bar wa masu karatu shi ne hoton ƙasaitar fada kamar yadda ta bayyana ga idon Bature. Yawancin takardun tallar yawon buɗe ido na yau a kan sawunsa suke tafiya, ba tare da sun kai shi iya rubutu ba.

Na biyu shi ne aikin Eldridge Mohammadou, masanin tarihi haifaffen Garwa wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, ya rasu a 2004. A 1979 ya fitar da littafin Ray ou Rey-Bouba, inda ya rubuta tarihin masarautar kamar yadda Alhaji Hamajoda Abdullahi ya bayar da shi da baki, da Fulfulde tare da fassarar Faransanci. Darajar wannan aiki ita ce ya bar mai magana ya yi magana da harshensa, ta yadda ɗalibi zai iya nazarin zaɓin kalmomi da salon ba da labari, ba ma tarihin kaɗai ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai shi ma yana da iyaka, irin iyakar da littafin tarihin sarakunan Kano yake da ita: labari ne na gidan sarauta, daga mahangar waɗanda suka yi nasara. Mutanen da aka ci da yaƙi suna fitowa a irin wannan labari ne a matsayin waɗanda abu ya faru a kansu. Mohammadou ya buɗe kunne ɗaya, ɗayan yana jiran masu bincike na baya.

6.0 Muryoyin Bayan Katanga

Ba a raba fasahar fada da ikon da ya haife ta. Ƙarfin Rai a ƙarni na 19 ya ginu a kan yaƙi da bauta, kamar sauran masarautun Fombina, kuma bayin sarki sun riƙe manyan muƙamai a fada. A shekarun 1990, bayan dawowar siyasar jam'iyyu da yawa a Kamaru, ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahotannin da suka zargi dogaran Rai da tsare 'yan adawa da dukansu. Dogarin da baƙo yake ɗauka hoto saboda kyan rigarsa, wani ɗan ƙasa yana iya kallonsa da wata fuska dabam. Mai sharhi ba alƙali ba ne, amma idan ya ɓoye wannan ya koma maroƙi, sharhinsa ya zama zuga.

Garin Tuboro misali ne na abin da ake bari a baya. Yana gabashin sashen, a bakin kogin Bina, a kan titin da ya haɗa Ngaundare da Mundu ta ƙasar Cadi. Ƙasar Mbum ce tun asali, masu sarautar Belaka. Noman auduga da kamfanin Sodecoton yake kula da shi ya jawo manoma daga arewa mai nisa, irin su Tupuri da Mafa, kowa ya zo da rawarsa da waƙarsa, kamar rawar gurna ta Tupuri. Kusa da nan akwai kasuwar Mbaibum, inda 'yan kasuwar Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya da Nijeriya suke haɗuwa, ana ciniki da Fulfulde da Sango da Larabcin Cadi da Hausa da Faransanci. Ta yamma kuma ga Dii, waɗanda suka shahara da ƙira da noman doya. Duk wannan yana cikin ƙasar Baaba, amma idan aka ce al'adun Rai, katanga da doki kawai ake nufi. Ɗalibin da ya ga mashi a hannun mahayi ya kamata ya tambayi maƙerin da ya ƙera shi, wanda ya ga lifidi ya nemi maɗinkin da ya cusa masa auduga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar fadar Rai hannuwan ƙabilu da yawa ne suka ɗaga ta.

7.0 Yawon Buɗe Ido da Makomar Fasaha

Yawancin baƙin da suke zuwa Rai Buba namun daji ne suke kawo su. Gandun dajin Buba Njidda, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 1968, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,200, kuma ziyarar fada takan zama ƙari ne a kan kallon giwaye da zakuna da raƙuman dawa. Wannan kasuwa ta sha duka a jere. A 2011 aka bayyana cewa baƙin karkanda na yammacin Afirka, wanda arewacin Kamaru ne mafakarsa ta ƙarshe, ya ƙare a duniya. A farkon 2012 mafarauta masu manyan bindigogi suka shigo gandun a kan dawaki suka kashe ɗaruruwan giwaye. A watan Fabrairu na 2013 aka sace wasu iyalin Faransawa kusa da gandun Waza, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu game da arewacin Kamaru. Satar mutane don neman kuɗin fansa a yankin Tuboro ta ƙara dagula lamarin.

Akwai kuma matsalar lokaci. Baƙi da rani suke zuwa, lokacin da hanyoyi suka bushe. Salla kuwa da watan Musulunci take tafiya, tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka shekaru da dama a cikin damina take faɗowa. Mafita mai sauƙi ita ce a shirya hawa na musamman idan baƙi sun zo. Illar wannan ita ce hawan da aka cire daga ranarsa ya rasa jigonsa. Babu mubaya'a a ciki, sai sukuwa. Maroƙin da ya san masu kallo ba sa jin abin da yake faɗa ba shi da dalilin wahalar da kansa wajen tuno dogon jerin kakanni, ɗansa kuma ba shi da dalilin haddace shi. Doki da riga za su daɗe domin ana biyan kuɗin ganinsu, kalmomi ne za su fara zubewa, kuma babu mai lura domin ba sa fitowa a hoto.

Misalan wasu wurare suna da amfani a nan. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya tsaya na kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. Abin da ya riƙe al'adar a tsawon wannan lokaci shi ne masunta da Sarkin Ruwa da makaɗansu suna nan suna sana'arsu, ko da baƙo ko babu. UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da ba na gini ba a 2016, ta sanya bikin Nguwon na Bamun da ke Fumban a 2023, da hawan Sallar Kano a 2024. Wannan jeri ya samo asali ne daga yarjejeniyar 2003, wadda ta amince cewa waƙa da kirari da sanin sana'a gado ne kamar yadda gini yake gado. Rai Buba ta nemi shiga ta ƙofar gini. Ƙofar ta biyu ta fi dacewa da dukiyar da take da ita.

8.0 Naɗewa

Takardar ta duba katangar Rai Buba da hawanta, ta yaba abin yabo a cikinsu, ta kuma nuna cewa ma'anarsu tana rataye da kalmomin da ake furtawa a kewayensu. An ga yadda sunayen sarautu suka adana sawun Hausa da Barebari a cikin Fulfulde, da yadda batun karin sauti ya buɗe tambaya a kan harshen kakaki da ganga. An kuma ga cewa rubutun Gide ya tsaya a ido, na Mohammadou ya kai ga kunne amma a cikin fada, sannan muryoyin Mbum da Dii da Dama da baƙin manoman Tuboro suna bayan katanga.

Aikin da ke gaban ɗalibin harshe a fili yake. Ya je da na'urar ɗaukar magana kafin kyamara, ya zauna da maroƙa da masu busa da magina da maƙera, da izninsu da na fada, ya rubuta abin da suka faɗa da harshen da suka faɗe shi, ya sa karin sauti inda ake da shi, sannan ya fassara. Wanda ya iya Hausa ya riga ya sami rabin guzuri, saura ya koyi Fulfulde. Katangar ƙasa idan ta zube ana iya kwaɓa wata ƙasar a tayar da ita, kamar yadda aka yi ta yi tun zamanin Buba Njidda. Kirarin da ya tafi kabari tare da tsohon da ya haddace shi kuwa, babu maginin da zai mayar da shi.